Ranar da Aka Tsayar da Agogon Bango

"Lafiya lau, Ango. Ya idon?"

"Ido na nan inda kika bar shi. Ke ce dai ba na gani, kuma ban yi asarar komai ba."

Haka Mai Agogo da jikarsa suka fara, ni kuwa ina bakin ƙofa a kan bencina ina ɗinke wani takalmi. Shagona da na Mai Agogo bango ɗaya ya raba su, shekara talatin da wani abu. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, har ya daina karɓar aiki. Likita ya ce za a iya cire ta, an ma ba shi rana, Alhamis mai zuwa, in an biya kafin nan. Abu mai daraja da ya rage a shagon shi ne babban agogon bango mai lilo, wanda yake rataye tun kafin in zo. Jikarsa, wadda yake kira Amarya, ita ta ɗauki hotonsa ta sa a gwanjon intanet. Wani mutum a ƙasar waje ya taya fiye da kowa, ya ce ya turo kuɗi ta banki, ya aiko da hoton rasit. A ranar, kwana huɗu ke nan ana jira.

Ta ajiye kwalin da ta zo da shi, da soso da igiya.

"Na ji ƙarar kwali," in ji shi. "Kayanki kika kwaso? Ai na faɗa wa ubanki ba ni da ɗaki."

"Wa zai tare a gidan da ango ke gaida tukunyar fure yana tsammanin baƙo ne? Na agogo ne. Motar kamfanin aika kaya ƙarfe huɗu take tashi."

"Kuɗin ya shigo?"

"Rasit ya shigo."

"Ban tambaye ki rasit ba. Hoton abinci bai taɓa ƙosar da kowa ba."

"Mutumin nan sau uku yana rubuto mini. Ya ce shi ya yi nasa."

"To, ya yi nasa a can. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ni ko agogon hannu na gyara, sai ya kwana uku a gabana ina sauraron sa kafin in ba mai shi. Kuɗin da ya ƙetaro teku kuwa ba zan saurare shi ba?"

"Banki sun ce kwana uku zuwa biyar, ban da ranakun hutu."

"Kin ga ni da banki malaminmu ɗaya."

"Malamin naku bai iya sauri ba."

"Sauri ya haifi nawa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Tsoho, kai da ba ka hango ƙofar shagonka."

Ya juyo wajena. "Mai Takalmi, ka ji irin matar da aka ba ni? Da na san haka ne, da ita na sa a gwanjon."

"Da ka ga masu tayi," ta ce. "Kai ne na gwada sawa, suka ce ba sa karɓar kayan da ba su da takardar shekara."

Ban sa baki ba. Tsakanin kaka da jika ba a shiga. Amma na lura tun ranar farko cewa duk safiyar da ta ce kuɗi bai iso ba, fuskarsa sakewa take yi. Mutumin da ke jiran kuɗin idonsa ba haka yake ba.

Ta zauna a kan kujerar masu jira, waya a hannu. Ta rage murya.

"In fa ɗan damfara ne? Wata ƙawata haka aka yi mata. Ta aika da kaya a kan hoton rasit, har yau shiru."

"Shi ya sa na ce ba a cinikin biri a sama. In ɗan damfara ne, agogo na bango, ke kina gabana, me muka rasa?"

"Alhamis muka rasa."

"Alhamis ba ta ƙarewa."

"Likita ya ce in yanar ta ƙara tauri..."

"Likita yaro ne. Na girmi ubansa."

Ana haka wayar ta yi ƙara. Ta duba. Ta shiga asusun bankin da kanta, don ta ce saƙo ma ana ƙirƙirarsa, ta sake dubawa. Sannan ta ɗago.

"Ya shigo."

"Wa?"

"Kuɗin, Tsoho. Yana cikin asusu, ba hoto ba."

"Duka?"

"An ɗan cire na bankunan da ya biyo ta hannunsu."

"Ashe bai cika ba. Ciniki ya warware."

"Bai warware ba. Tun farko na rubuta cewa wannan a kanmu yake. Na karanta maka, ka ce to."

"Barci nake yi."

"A tsaye?"

"A bar shi ya kwana uku. Wa ya sani ko zai koma?"

"Na tambaya a banki. In ya zauna a asusu irin wannan zama, ba ya tashi haka kawai."

"Kwalin naki ƙarami ne."

"Kai ka auna da hannunka."

"Akwai hadari a gabas."

"Rana ce tar. Tambayi Mai Takalmi."

Bai tambaye ni ba. Ya dafa teburin aikinsa, inda ƙananan sukudireba ke jere yadda ya bar su tun bara. Babu abin da ake ji sai agogon, yana ta tafiyarsa.

"Ba ya shiga kwali yana tafiya," ya ce a hankali. "Sai an tsayar da shi an cire lilon."

"Na sani. Mai sayen ma ya rubuto haka."

"Ba ki sani ba. Kakarki ce ke murɗa masa makulli duk ranar Asabar. Ko zazzaɓi take yi sai ta taso ta zo. Asabar ɗin ƙarshe ita ta murɗa, Talata aka kai ta. Da Asabar ta zagayo yana nan yana tafiya da murɗinta, sai na ɗora a kai. Shekara tara ban bar shi ya tsaya ba ko sau ɗaya."

Yarinyar ta kifa wayar a cinya.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba ranar da nake ɗaukar hoto?"

"Na zaci ba wanda zai taya. Wa zai tura kuɗinsa wata duniya don tsohon katako?"

"To, in mayar masa da kuɗinsa. Za a sake cira a hanya, zai ɓata mini suna a wurin gwanjon, amma ba komai. Sai mu nemi wata hanya."

"Wace hanya? Ubanki ya riga ya sayar da babur ɗinsa a kan ciwon kakarki." Ya girgiza kai. "Mutum ya yarda da mu bai taɓa ganinmu ba. Ya saki nasa kafin mu saki namu. Magana zarar bunu ce."

"Ni dai ba agogon ne ya dame ni ba," ta ce. "Kowa cewa yake yi da kakata nake kama tun da na girma. Kai kaɗai ne ba ka tabbatar ba."

Ya juya fuskarsa wajen muryarta, ya ɗan jima a haka.

"Ƙarya suke yi. Ita kyakkyawa ce."

"Sai ka zo ka gani."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura kaɗan."

"A bar shi ya buga."

Muka jira, mu uku. Na ajiye allurata. Agogon ya buga sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Da ƙarar ta ƙarshe ta lafa, Mai Agogo ya lalubi murfin gilashin ya buɗe, ya sa yatsa biyu ya tare lilon. Ban taɓa sanin shagon yana da shiru irin wannan ba.

Da kansa ya cire lilon ya naɗe a tsumma, ya ɗaure makullin a jikin tsumman.

"Rubuta masa," ya ce. "Duk Asabar, murɗi goma sha huɗu, kada ya ƙara. Kuma kada ya rataye shi a bangon da rana ke duka."

"Sai me?"

"Ki ce masa kuɗinsa ya iso lafiya, mun gode."

Tana rubutawa ya sa hannu a wuyan rigarsa, ya zaro wani zare baƙi. Akwai wani makullin a jiki, ya sha hannu har ya yi santsi. Na gane shi. Na sha ganinsa a hannun marigayiya.

"Ungo. Wannan ba ya cikin gwanjo."

Ta karɓa da hannu biyu. Idonta ya kawo ruwa, amma ta daure.

"Makulli babu agogo? Wannan ne sadakin nawa?"

"Ya ma fi ƙarfinki. Riƙe dai zuwa Alhamis. In ido ya buɗe na ga munin ya yi yawa, zan karɓi abina."

"In kuma ka ga ita ce?"

Sai ya yi dariya, 'yar gajeriya, ya goge ido da bayan hannu.

"To, kin ci. Miƙo igiyar, kada motar ta tafi."