Ɗakin Sa Hannu

A Kurmin Tsamiya kotu ɗaya ce, alƙaliya ɗaya, Mai Shari'a Kura. Abin alfaharin kurmin shi ne, shekara talatin babu mai cin ciyawa ko ɗaya da ya taɓa ɗaukaka ƙara. Al'adar kotun kuwa, duk wanda shari'a ta kayar sai ya bi Kura ɗakin ciki, a rufe ƙofa, ya sa hannu a takardar hukunci.

Da maƙwabta suka fara tsegumi, Sarki Zaki ya sayo na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin wadda ke karanta hukunce-hukunce ta gano son kai, don ta wanke kotunsa. Aka ɗora wa Bushiya, magatakardar kotu, aikin loda mata takardu. Ita Bushiya da dabara ɗaya ta kai tsufa a aikin nan: ba ta gani, ba ta tambaya. Ko maiƙon da ke jikin takardun, cewa take yi sanyin damina ne.

Ranar taron majalisa, Kura ta leƙa rahoton na'urar kafin kowa, ta raɗa wa Bushiya: "Malama, ki ce inji ya lalace. Ina son ki kai fansho da ƙafarki."

Bushiya ta hau kututture. Ta dubi Gada, wadda aka kayar da mijinta bara, har yau tana kai abincinsa ƙofar kotu. Sai ta ji bakinta ya riga tsoronta.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ga abin da na'ura ta gano. Duk shari'ar da mai fiƙa ya yi da mai kofato, mai fiƙa ne da gaskiya. Kuma duk mai kofaton da ya shiga ɗakin sa hannu, sunansa bai sake fitowa a wata takarda ba, ko ta shaida. Na'ura na tambaya, ɗakin yana da ƙofar baya ne?"

"Kayan waje ne, bai san al'adunmu ba!" in ji Dila, lauyan fada.

"Ni na sani, Barista," in ji Bushiya. "Ni nake share ɗakin. Ko taga babu."

Zaki ya shiga duban faratansa. Nan take Kura ta sami Bushiya da laifin raina kotu, ta ce cikin ladabi, "Bismillah, mu je ki sa hannu."

"To, ranki ya daɗe. Sai dai a tauna a hankali, akwai ƙaya."

Ta kama hanyar ɗakin. Gada ta ajiye kwanon abinci ta bi ta. Gwanki ya tashi. Can baya Ɓauna ta miƙe, ta kaɗa ƙaho.

"Ina zuwa haka?" in ji Kura.

"Shaida za mu yi, ranki ya daɗe," in ji Ɓauna. "Mun daɗe muna sha'awar ganin alƙalamin nan."

Kura ta dubi ƙahonnin, ta dubi ɗakin da ba shi da taga. A karo na farko cikin shekara talatin, Mai Shari'a ta tambayi magatakarda yadda ake ɗaukaka ƙara.