Rasuwar Rautar da Ta Haɗiye "Kada"

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Jabiru, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, mazaunin Agege, ina sanar da jama'a rasuwar rautata, ɗan farin akwatin intanet ɗin nan da nake yawo da shi a aljihu. Ta cika ranar Laraba ƙarƙashin tayar tirela. Direba ba shi da laifi, ni na kwantar da ita a wurin.

A zamanin lafiyarta ba ta da ta biyu. In na kira Ɗan Azumi, mai lodo mini kaya daga Danja, har tarinsa nake ji tas. Ba ta da surutu, sai ɗan "tit" in caji ya yi ƙasa.

Ciwon ajalinta rawar murya ne. Magana ta fita bakina a jere, ta isa can a warwatse, wata kalma ta yi gudu, wata ta maƙale a cunkoson gosulo. Na kai ta ofishin kamfanin layin. Wani mai taye ya ce ba ita ba ce, hanyarsu ce ta cunkushe, murya da bidiyo titi ɗaya suke bi, kuma manyan ofisoshi kaɗai ake buɗe wa hanyar murya daban. Wato maganarsu mai jiniya ce, tawa danfo, motar haya. Ya ce in kashe in kunna. Na kashe, na kunna.

Ran Asabar tumatir ya yi wa kasuwa yawa, na kira Ɗan Azumi na ce kada ka loda. Marigayiya ta yi "ƙrrr-ƙrrr", ta haɗiye "kada", ta kai masa "ka loda" lafiya lau. Tirela ta iso, ba mai saye, kaya suka koma ruwa a kwando. Manoman Danja suka ce ni na kashe su. Ɗan Azumi ya mayar da lodinsa wajen Uwaisu, mutumin da ni na koya wa riƙe kwando.

Ta rasu ta bar caja mai karyayyen wuya, da matata Turai da ke kallon fim a kanta daidai lokacin da nake kiran, da Oumarou maigadi ɗan Nijar, wanda ya sha intanet ɗinta kyauta tun tana sabuwa. Shi ya fi kowa kuka, kuma na san ba ni yake wa ba.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a jujin bayan kasuwa, cikin kayan da ta ruɓar. Kowa ya zo da bokiti, abin da ya rage a tirela shi ne sadakar uku. Masu ta'aziyya kada su neme ni a rumfa. Ina layin 'yan dako, kayan Uwaisu nake saukewa.