Tsallen Kwaɗo a Filin Gwarinpa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai yarana wasa Gwarinpa ba. Ni ne kocin wata ƙungiyar ƙwallo ta matasa a Kuchigoro (ba wanda ya naɗa ni, usur kawai na saya). Matsalarsu ɗaya, ba sa mayar da hankali a atisaye. Ana gudu, wani na danna waya, wani na ɓare gyaɗa.

Sai na ƙirƙiro dabara. Duk lokacin da na busa usur mai tsawo, kowa ya bar abin da yake yi, ya kama kunne, ya shiga tsallen kwaɗo. Kullum sai mun yi, har abin ya zame musu jiki. Na dinga cika baki cewa na gano sirrin horo.

Da aka gayyace mu wasan sada zumunta, har na jawo wani Alhaji mai shagon kayan wasanni, wanda ya ce in yaran suka burge shi zai ba mu riguna. Na zaunar da shi a gaba, na ce, "Alhaji, yau za ka ga tarbiyya."

Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ya busa usur ɗin farawa. Mai tsawo.

Gaba ɗaya 'yan wasana, har da gola, suka durƙusa suka kama kunne suka fara tsalle. 'Yan Gwarinpa suka tsaya suna kallon juna, sannan ɗayansu ya ja ƙwallo a hankali, yana kewaye yarana, ya tura raga. Ni kuma don ruɗewa na ciro nawa usur ɗin na busa da ƙarfi wai su tashi. Sai 'yan benci ma suka sauka suka kama kunne.

Alƙalin ya matso ya ce, "Oga koci, wannan addu'a ce ko me?"

Kafin in amsa, kyaftin ɗinmu Bukar ya taho da tsallen kwaɗo har gabana yana haki. "Koci, mu ci gaba ko ya isa?"

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Tarbiyya kam akwai, Malam. Ƙwallon ne ban gani ba." Ya shiga motarsa ya tafi.

Ranar na gane jiki ba ya tambayar dalili, abin da aka saba masa shi yake yi. Yanzu kafin in koya musu komai, sai na tambayi kaina ko zan iya kallonsa a gaban jama'a.