Zuciya Takwas, Ɗaya Ke Bugawa

Ranar da na sabunta manhajar ordinatar ta biro, wato kwamfutar ofishinmu, har tafiyata ta canza. Na tara abokan aiki na sanar da su cewa injin nan zuciya takwas gare shi, kamar yadda ake kiran sassan da ke masa lissafi da Faransanci. Don in ƙara masa gudu, na kutsa cikin saitinsa, na ga gurbin da ke neman lamba, na zaɓi ɗaya. Ai tun muna 'yan makaranta a lakwal, na ɗaya shi ne gwani.

Sai injin ya koma rarrafe: zuciya ɗaya na haki, bakwai na barci. Kwana uku ina tsine wa sabuntawar da zafin Yamai, sannan Isufu direba ya kai ni wurin wata mai gyara a unguwar Mawre.

Ta duba minti biyu, ta ce, "Malam, wa ya umarce shi ya yi aiki da zuciya ɗaya?"

Na ce, "Maƙiya."

"Wa ke da lambar sirrin?"

Na tsura wa fanka ido. Isufu ya fita waje da gudu, amma ina jiyo dariyarsa.

Har yau ko shayi na miƙa a biro, sai a ce, "Mun gode, mun san da zuciya ɗaya ka bayar."