Ranar da Aka Daina Kaɗa Mini Tulu

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne Lahadin zumuntar mata a cocinmu a Kafanchan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin takaici, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Shekara tara ni ke jan waƙa a zumunta. In na ɗauko baiti, mata arba'in su amsa, Mama Saratu, tsohuwar da ta girme mu duka, tana buga tulu, sauran suna kaɗa kacau-kacau. A wurinmu an yarda mai jan waƙa ta ƙara baitin kanta in abin ya zo mata. Ni kuwa kullum yana zuwa mini (musamman in akwai baƙi).

To, ranar Alhamis a wurin gwajin waƙa, sai Rifkatu, mai sayar da citta, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, kina jan murya da yawa, ba ma jin kalmomin. Waƙa ai addu'a ce, ba gasa ba."

A gaban kowa fa. Matar da ko tafi ba ta iya yi daidai ba. Na ce mata "Na gode, Maman Godiya," da murmushin dole. Na koma gida na ƙona miya. Washegari a makaranta na ba yara aiki a allo, na zauna ina tsara mata baiti. (Ba yau aka fara jefa habaici cikin waƙar zumunta ba, kar wata ta yi mini fuskar tsarki.)

Ranar Lahadi coci ya cika, har da matan Zonkwa da na Gidan Waya. Muka fito cikin ankonmu, na karɓi makirfo. Baiti biyu na yabo suka wuce lafiya. A na uku na juya wajen Rifkatu, na lumshe ido kamar Ruhu ya sauko mini, na rera: "Masu taƙama da buhunan citta, Ubangiji ya gan ku, ba buhun da zai shiga sama."

Kun san wace shekara ce? Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki. Rabin mutanen da ke zaune a cocin nan citta suke nomawa, kuma sun tona sun tarar da ruɓa. Wasu sun cire yara daga makaranta. Na sani sarai. Amma ni mai albashi ce, kuma fushi ya rufe mini ido, Rifkatu kaɗai nake gani.

Ba wanda ya amsa. Na ɗauka ba su kama baitin ba ne, sai na maimaita, da ƙarfi, har da girgiza kafaɗa. A nan ne na lura tulu ya yi shiru. Kacau-kacau ma sun tsaya. Muryata kaɗai ke yawo a lasifika.

Na buɗe ido. Mama Saratu ta ɗora tafin hannunta a bakin tulu tana kallona. Ba ta ɗaga murya ba, amma makirfo yana hannuna, ya kwashe maganar ya kai har layin baya.

"'Yata, in da Rifkatu kike, ga ta nan, je ki faɗa mata. Mu Allah muka zo yi wa waƙa."

Wani dattijo a layin gaba, wanda ya yi asarar gona biyu, ya sunkuyar da kai. Fasto ya shiga buɗe Littafi yana rufewa.

Kuma kun san wa ya cece ni? Rifkatu. Ita ce ta ɗauko wata tsohuwar waƙar neman jinƙai, da muryar nan tata mai karkarwa, jama'a suka amsa, wasu har da hawaye. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ta zage ni, da na san abin da zan yi da ita.

Shugabannin zumunta suka karɓe makirfo, suka mayar da ni layin baya. Na bi gida-gida ina ba da haƙuri, har da zuwa Zonkwa a motar haya. Da na je wurin Rifkatu, cewa kawai ta yi, "Ya wuce, Malama. Amma ranar ma kin ja muryar da yawa."

Yanzu wata yarinya ke ja, ni ina amshi. Kuma ga abin da ya fi ba ni haushi: daga layin baya ne na fara jin kalmomin waƙoƙin da na shekara tara ina rerawa. Ashe duk ba sunana a ciki.