Ranar da Aka Sa Ni a Rediyon Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da tozarcin da Habu ƙanin matata ya ja min ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Habu ma'aikacin gidan rediyo ne. Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadamar Guri, ya zo min da labari wai ya san wata 'yar jarida a wata ƙasa can tsakiyar tekun Fasifik (sunan ƙasar har yau ya ƙi zama a bakina). Su ma ruwa ke cin ƙasarsu, suna son muryar manomin da abin ya shafa. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, ina jin "ƙasar waje" kaina ya kumbura.

Kun san mu da rediyo, ba a ba ka dama ka tashi ba ka gaida mutane ba. Na bi Haɗeja ina rabon alƙawari. Ranar da Habu zai ɗauki muryata a wayarsa na sa babbar riga (a rediyo fa!), na gaida liman, mai unguwa, surukina Alhaji Ado, har mai gyara min injin ban-ruwa. Da na zaci an gama, Habu ya tambaye ni yadda gida yake, na faɗa masa gaskiya.

Da shirin ya iso wayarsa, washegari na ari lasifika, na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar. Surukina ya zauna a gaba, mutumin da na rantse wa cewa rumbuna a cike yake, kada ya damu da 'yarsa.

Aka kunna. Wata mata ta yi ta zuba da yarensu. Liman ya tambayi abin da take cewa, Habu ya ce sanarwa ce. Wai rediyon ɗaya ne a ƙasar, jarida kuma ba kullum take fita ba, don haka komai a nan ake faɗa: isowar jirgin ruwa, rasuwa, har cigiyar aladen da ya ɓata. Liman ya yi ta'awwuzi.

Sai ga muryata tar, babu gaisuwa ko ɗaya: "Wallahi Habu, ba don hatsin da yayarka ke karɓowa wajen Hajiya mahaifiyarku a ɓoye ba, da yunwa ta kashe mu."

Mai unguwa ya tambaya ko gaisuwar tana gaba. Alhaji Ado kuwa takalmansa kawai ya nema.

Da aka watse, Habu ya ce wai wajen ne ya fi taɓa musu zuciya, kuma ai ba mai jin Hausa a can.

Na dube shi na ce, "A can ba sa ji, a nan fa? Ka saurara tun jiya, ka bar ni ina shimfiɗa tabarma. Daga yau ko gaishe ni za ka yi, ajiye wayarka a waje tukuna."