Mai Hedas Gefe Ɗaya

Wani ne a danginmu, ba sai na kama suna ba, tunda har gobe muna haɗuwa a diwaniyyar Baffa Bu Barrak, wato zauren hirarsa, duk Alhamis. Mutum ne mai son a san da zamansa, amma hannun jarirai gare shi. Dinari in ya shiga aljihunsa sai dai a yi masa addu'a.

Ya yi shekara da shekaru yana cin burodi da shayi har ya sayi irin motar nan ta Amurka mai faɗin ƙirji, silinda takwas, ga sufacaja zaune a kan inji tana ɗura masa iska. Mota kam ta amsa sunanta, sai dai ba ta da murya. Salansar kamfani ce a jikinta, tana tafe tana ƙus-ƙus kamar mai gulma. Shi kuwa Fawwaz, ɗan gwaggonmu, in ya tako tasa, tun yana shataletale ake fara zuba masa gahawa. Mutumin namu sai ya shigo, ya yi sallama, ya zauna, ya ci dabino, sannan wani ya waiwayo ya ce, "Au, yaushe ka zo?" Abin nan ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Ana nan sai bikin Barrak, babban ɗan Baffa, ya matso. Baffa ya ce motar da ta fi tsawa a dangi ita za ta ɗauki ango ta ja ayari zuwa zauren biki. Wanda ya ja ayarin ango kuwa, sai a shekara ana ba da labarinsa. Kowa ya kalli Fawwaz. Mutumin namu ya rantse a ransa cewa in ba shi ba sai rijiya.

Washegari ya dira unguwar Shuwaikh, garejin Mu'allim Sarkis, wani dattijo ɗan Labanan da ya tsufa a ƙarƙashin motoci. Ya ce hedas yake so, wato bututan nan da ke kwaso hayaƙi daga bakin inji su miƙa wa salansa. Su ne ke buɗe wa mota maƙogwaro.

Sarkis ya ɗauko masu kauri, suna sheƙi, ya faɗi kuɗinsu. Mutumin ya dafe ƙirji ya nemi kujera. Aka ɗauko masu bi musu. Ya ce shi mota ya zo gyarawa, ba fili ya zo saye ba. Can sai idonsa ya faɗa kan wasu a jingine bayan ƙofa, sun yi tsatsa.

"Waɗancan fa?"

"Daga bolar motocin Amghara aka kawo su. Gwangwanin kifi ya fi su kauri. Taka mai sufacaja ce, ɗana, wuta take furzarwa."

"Suna ƙara?"

"Ƙara kam, har maƙwabta su yi ƙararka."

"Nawa?"

Sarkis ya faɗa. Araha kamar kyauta. Mutumin ya yi lissafi, sannan ya tambaya ko dole ne a sayi biyun. Sarkis ya ce inji gefe biyu gare shi, dama da hagu, kowane da nasa.

"To ba ni na dama."

"Na hagun fa?"

"Mu'allim, in na shigo layinmu diwaniyya tana hannun dama. Ka san abin da ke hagu? Katangar makaranta. In biya kuɗina katanga ta sha daɗi?"

Sarkis ya yi masa bayani har bakinsa ya bushe, cewa ƙarar mota ta baya take fita, ba ruwanta da dama ko hagu. Mutumin ya ce, "Kai gyara ka sani, ni na san layinmu." Dattijo ya ɗaga hannu sama ya kira waliyyan garinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya amsa, sai ya ɗauki sifana.

Bututu ya ƙi shiga. Aka sa guduma. Ya ƙi. Sai da aka cire faifan nan da ke tare zafi tsakanin bututu da ƙasan mota, sannan ya shiga a karkace, bakinsa bai ma zauna daidai ba. Mutumin ya nemi a rage masa kuɗin aiki, tunda an fitar da abu daga motarsa. Da aka tayar da inji, hayaƙi da ƙara suka riƙa ɓullowa ta inda bai zauna ba, daidai gefen dama. Garejin ya ɗauka kamar ana fasa dutse.

Mutumin ya matso kusa da kunnen Sarkis ya ɗaga murya, "Ba ka ce ta baya take fita ba?"

Ranar Alhamis muna zaune bayan la'asar, sai muka ji abu. Finjalan gahawa suka kama rawa a kan faranti. Tantabarun maƙwabcinmu suka tashi, wasunsu har yau ba su dawo ba. Motocin da ke layin duk suka ɗau kuka. Muka fito a guje, sai ga mutumin namu ya shararo, gefe guda na tsawa, gefe guda na barci. Baffa, wanda ya shekara goma sai an yi masa ihu a kunne, ya miƙe tsaye fuskarsa cike da murna, ya ce rabon da ya ji abu tar haka tun yana saurayi. Nan take ya ce wannan ce motar ango.

Fawwaz ya zagaya ta, ya shinshina, ya ce shi dai yana jin ƙauri, kuma motar ɗingishi take yi. Mutumin ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni kaina na tausaya wa Fawwaz ranar, don ya kashe dukiya a kan tasa. Da aka tashi, da yake layinmu ba ya ɓullewa, mutumin ya ƙi juya mota. Da baya-da-baya ya fita har bakin titi, don kada gefen hagu ya tona masa asiri.

Ranar biki ta zo, tsakiyar watan Agusta, ranar da ko ƙadangare ba ya taka kwalta. Barrak ya fito fes, farar jallabiya, alkyabba mai bakin zinariya, sabon takalmi, yana ƙamshin turaren wuta. Aka buɗe masa ƙofar dama ya zauna. Ayari ya ɗau hanya, mutumin namu a gaba, hanci sama.

Ba a yi nisa ba ango ya ji tafin ƙafarsa na ɗumi. Ya gyara zama. Ɗumi ya koma zafi. Ya yi magana, amma wa zai ji magana a cikin motar nan? Ya taɓa kafaɗar direba ya nuna ƙasa da yatsa. Mutumin ya gyaɗa kai, wato ya gane, ango na so a taka ta har ƙasa. Ya ba ta totur.

Ango ya ɗage ƙafafu ya shiga dukan gaban mota da hannu biyu. Mutumin ya ce a ransa, kai, yaron nan ya san daɗin mota, ga shi har kiɗa yake mata. Ya ƙara wuta. Ango ya hau kan kujera ya tsuguna, ya tattare alkyabba, baki buɗe, hawaye na zuba. Mutumin ya ji shi ma idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa sanin Barrak na ƙaunarsa haka ba.

Suna isa ƙofar zauren, mota ba ta gama tsayawa ba ango ya yi tsalle ya fito ba takalmi. Ya dira kan kwalta, ita ma wuta. Ya ɗaga dama, ya ɗaga hagu, ya ɗaga dama. Makaɗa suka ga ango ya fara da kansa, suka saki ganguna. Dattawan dangin amarya suka ɗaga sanduna suka shigo fili, suna bin sawunsa, suna cewa sabon salo ne na yaran zamani. Da ƙyar ya ratsa su ya kai ga bahon ƙanƙarar da aka jiƙa ruwan sha, ya tsunduma ƙafa biyu a ciki ya lumshe ido.

Baffa ya leƙa cikin mota. Ga takalman ango sun narke sun manne da ƙasa, hayaƙi na tashi. Fawwaz, da murmushinsa har kunne, ya ɗaga bonet ya kira jama'a su gani: gefen dama ja wur kamar garwashin gasa kifi, gefen hagu lafiya lau da kayansa na kamfani.

Baffa ya juyo kan mutumin namu.

"Kai, ɗan ƙanena! Saboda rowa ka sayi gwangwani, gwangwanin ma gefe ɗaya, ka kusa gasa mini ɗa ranar aurensa?"

Mutumin ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Haba Baffa, ai gode wa rowar tawa za ka yi. Da na sayi na hagun ma, wa zai tuƙo shi?"